YADDA IKILISIYOYIN BAFTIS SUKE NAƊA SABON FASTO

GABATARWA

A makaranta irin tamu, inda ɗalibai suka fito daga ɗariku daban-daban, yana da kyau kowa ya san yadda ɗan'uwansa yake tafiyar da al'amuran ikilisiyarsa, domin rashin sani shi yake kawo raini da gardama marar amfani. Saboda haka muka ga ya dace a wannan mujalla mu yi bayani a kan yadda ikilisiyoyin Baftis suke naɗa sabon fasto.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa halartar irin wannan biki. Mun ji mawaƙa, mun ga zumuntar mata cikin anko, mun ga mutum ya durƙusa fastoci sun ɗora masa hannu, muka ci abinci muka koma gida. Amma abin da ido yake gani a wannan rana ɗaya ƙarshen tafiya ce ta shekaru masu yawa. Kuma wanda ya bi sawun tafiyar daga farko zai tarar da wani abu da ya kamata kowane matashi ya sani: a wurin Baftis, nauyin tabbatar da cewa mutum ya cancanci zama makiyayi yana kan 'yan ikilisiya ne da kansu, wato manomi da tela da malamar asibiti da malamin makaranta waɗanda suke zaune a kan benci kowace Lahadi.

TUSHEN AL'AMARIN

Kafin mu shiga matakan naɗi, sai mu ɗan waiwayi tarihi, gama wanda bai san mafari ba, ba zai gane dalilin tsarin ba.

Ɗarikar Baftis ta faro ne a shekarar 1609 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a tsakanin waɗansu Turawan Ingila da suka gudu daga ƙasarsu saboda sun ƙi bin tsarin ikilisiyar gwamnati. Shugabansu John Smyth ne. Bayan 'yan shekaru abokinsa Thomas Helwys ya koma Landan da waɗansu mutane kaɗan, suka kafa ikilisiyar Baftis ta farko a ƙasar Ingila. Waɗannan mutane sun tsaya a kan abubuwa uku da suka shafi maganarmu. Na ɗaya, ikilisiya taron masu bi ne waɗanda suka ba da gaskiya da bakinsu, aka yi musu baftisma. Na biyu, kowane mai bi yana da hanya zuwa wurin Allah ta wurin Almasihu, ba tare da wani ɗan adam ya tsaya a tsakani ba. Na uku, kowace ikilisiya tana da ikon tafiyar da al'amuranta a ƙarƙashin Almasihu, babu sarki ko bishop da zai zaɓa mata shugaba.

Daga nan ne bambancin ya fito. A ɗarikar Katolika da ta Angalikan, bishop ne yake naɗa limami. A wurin Baftis kuwa babu wani mutum ɗaya da yake da wannan iko. A shekarar 1689 wakilan ikilisiyoyin Baftis da yawa suka taru a Landan suka amince da wata takardar bayanin bangaskiya, wadda a cikinta aka nuna cewa ikilisiya ce take zaɓen makiyayinta da amincewar mambobinta, sa'an nan a keɓe shi da azumi da addu'a da ɗora hannu. Fiye da shekara 300 ke nan, amma har yanzu ƙashin bayan tsarin bai sake ba.

Baftis sun iso ƙasarmu a shekarar 1850, sa'ad da Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan daga Amurka, ya sauka a Badagry, ya kuma yi aiki a Ijaye da Ogbomosho. Ɗan ƙasa na farko da aka naɗa fasto shi ne Moses Ladejo Stone, a Legas, a shekarar 1880. A 1914 ikilisiyoyin suka haɗa kai a Ibadan suka kafa ƙungiya, wadda a 1919 ta ɗauki sunan haɗaɗɗiyar ƙungiyar Baftis ta Nijeriya. Zuwa Arewa kuwa, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe Yarabawa ne suka fara kawo ta garuruwa irin su Jos, Kaduna, Zariya, Kano da Minna, kafin aikin ya bazu cikin sauran kabilu har aka sami ikilisiyoyi masu yin sujada da Hausa.

MENE NE NAƊI?

Baftis suna da muƙamai biyu a ikilisiya, wato fasto da dikin. Suna kuma da farillai biyu da suka gaskata Ubangiji ya umarta, wato baftisma da Jibin Ubangiji. Naɗi ba ya cikin farillan nan biyu. A ganinsu, ɗora hannu ba ya zuba wa mutum wani iko na asiri, ba ya kuma mai da shi wani irin Kirista dabam da sauran. Naɗi shaida ce da ikilisiya take bayarwa a fili cewa ta ga alamar kiran Allah a kan wannan mutum, ta gwada shi, ta kuma keɓe shi domin aikin bishara.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin Ayyukan Manzanni sura 13. A can mun ga ikilisiyar Antakiya tana sujada da azumi, Ruhu Mai Tsarki ya nuna Barnaba da Shawulu, sai aka yi addu'a, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. Mai karatu ya lura da yadda abin ya jeru: kiran ya riga zuwa, ɗora hannu ya biyo baya. Haka kuma a sura 6, sa'ad da ake bukatar mutum bakwai masu lura da rabon abinci a Urushalima, jama'a ne suka zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora hannu.

MATAKI NA FARKO: KIRA

Kome yakan fara ne a zuciyar mutum. Wani tun yana ɗalibi yake jin nauyin wa'azi, wani kuwa sai ya yi shekaru yana aikin gwamnati ko kasuwanci. Wannan shi ake kira kira na ciki. Amma Baftis ba su yarda a tsaya a nan ba, gama zuciya takan ruɗi mai ita. Wani rashin aikin yi ne yake tura shi, wani sha'awar a girmama shi, wani kuma iyaye ne suka yi wa'adi a kansa tun yana jariri. Don haka dole kira na ciki ya haɗu da kira na waje, wato shaidar waɗanda suke zaune tare da shi.

Mai jin kira yakan fara gaya wa fastonsa. Fasto mai hikima ba ya gaggawar kai shi gaban jama'a. Zai ba shi ajin makarantar Lahadi, ya tura shi gaishe da marasa lafiya, ya sa shi jagorar addu'ar tsakiyar mako, ya aike shi ƙauye wurin da masu sujada ba su fi goma ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya raina share majami'a da jera benci, da wuya ya iya riƙon garke.

MATAKI NA BIYU: IZININ WA'AZI

Idan alamu suka yi kyau, sai a kawo maganar gaban taron ikilisiya. A wurare da yawa akan ba mutumin dama ya yi wa'azin gwaji, sa'an nan mambobi su yi shawara. In sun amince, sai a ba shi takardar izinin wa'azi, ko takardar shaida wadda zai kai makarantar tauhidi. Wannan izini bai kai naɗi ba. Ma'anarsa ita ce ikilisiya ta buɗe masa ƙofa ya gwada baiwarsa, ita kuma tana kallo.

Kada a ɗauka wannan mataki al'ada ce kawai wadda kowa yake wucewa. William Carey, wanda ake kira uban aikin mishan na zamani, mai ɗinkin takalma ne a Ingila. A shekarar 1785 ya yi wa'azin gwaji a gaban ikilisiyar Baftis ta garin Olney, mambobi suka saurara, suka ga bai kai ba tukuna, suka ce ya ci gaba da gwadawa. Sai a 1786 suka amince da shi, aka kuma naɗa shi a Moulton a 1787. Wannan mutum shi ne ya tafi Indiya a 1793, ya yi shekara 40 yana aikin bishara da fassara Littafi Mai Tsarki. Jinkirin shekara ɗaya bai rage shi da kome ba. Ikilisiyar ta yi aikinta, shi kuma ya yi haƙuri.

MATAKI NA UKU: MAKARANTA

A nan akwai bambanci tsakanin ƙasa da ƙasa. A Amurka, tun da kowace ikilisiya take da cikakken iko, akwai waɗanda akan naɗa tun kafin su je makarantar tauhidi. Martin Luther King ƙarami, alal misali, an naɗa shi a ikilisiyar Ebenezer ta birnin Atlanta a farkon shekarar 1948, yana da shekara 19, daga baya ne ya tafi karatun tauhidi. A Nijeriya kuwa karatu yana gaba da naɗi. Wanda yake so a naɗa shi, sai ya sami horo a makarantar da ƙungiyar Baftis ta amince da ita.

Babbar makarantar ita ce ta Ogbomosho, wadda ta faro a 1898 a matsayin ƙaramin aji na horar da masu wa'azi. A Arewa akwai ta Kawo a Kaduna, wadda aka kafa tun kafin samun 'yancin kai domin horar da fastocin da za su yi aiki da harshen Hausa. A irin waɗannan makarantu ɗalibi yakan koyi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, tarihin ikilisiya, koyarwar bangaskiya, dabarun shirya wa'azi, ba da shawara ga ma'aurata da masu makoki, da yadda ake tafiyar da taro da lissafin kuɗin ikilisiya. Masu zurfafa karatu sukan koyi Girkanci da Ibrananci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su. A ƙarshen mako kuma akan rarraba ɗalibai zuwa ikilisiyoyi domin su gwada abin da suka koya.

MATAKI NA HUƊU: IKILISIYA TA NEMA

Gama makaranta ba ya sa a naɗa mutum. Sai wata ikilisiya ta kira shi ya zama makiyayinta, ko kuwa a ba shi wani aikin bishara sananne, ya kuma yi waɗansu shekaru yana aikin. A wannan lokaci ana kiransa Fasto, amma bai zama Rabaran ba tukuna. A yawancin ikilisiyoyi, idan lokacin baftisma ko ɗaurin aure ya zo, akan gayyato naɗaɗɗen fasto daga maƙwabta ya gudanar.

Abin lura a nan shi ne, mutum ba ya neman naɗi da kansa kamar mai neman aiki. Ikilisiyar da yake yi wa hidima ce take nema masa. Dikinoni ko kwamiti su kawo shawarar gaban taron mambobi, a tattauna, a jefa ƙuri'a, magatakarda ya rubuta. Dalilin wannan a fili yake. Malaman makaranta sun san amsoshin da ya rubuta a jarrabawa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mambobi ne suka san ko yana zuwa sa'ad da aka yi rasuwa da tsakar dare, ko yana riƙe asirin wanda ya kawo masa damuwarsa, ko yana bambanta mai kuɗi da talaka, ko kuɗin baiko yana cika a hannunsa.

A Nijeriya ikilisiya ba ta yin wannan aiki ita kaɗai. Bukatarta takan bi ta ƙungiyar ikilisiyoyin yankinta, ta wuce zuwa babbar ƙungiyar shiyya, har ta kai hukumar da take lura da al'amuran fastoci ta ƙasa baki ɗaya. Wani zai tambaya, ina 'yancin ikilisiya ke nan? Amsar ita ce, fasto ba ya dawwama a wuri ɗaya. Wanda aka naɗa a Kafanchan bana, wataƙila bayan shekara biyar Gombe za a kira shi. Idan ana so dukan ikilisiyoyi su karɓi naɗinsa, ya kamata su sa ido tun daga farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MAJALISAR GWAJI

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, ko da yake jama'a ba su cika ganinsa ba. Akan kafa majalisa ta naɗaɗɗun fastoci, a waɗansu wurare har da dikinoni, daga ikilisiyoyin da suke kewaye. Su zaɓi shugaba da magatakarda, a buɗe da addu'a, sa'an nan a shigo da wanda za a gwada. Tambayoyin sukan kasu kashi huɗu.

Kashi na farko, labarin tubarsa. Yaushe ya ba da gaskiya, ta yaya, wane canji ne kuma ya biyo baya? Tun da Baftis sun tsaya a kan cewa ba a gadon bangaskiya, ba ya isa mutum ya ce an haife shi a gidan Kirista, ko da mahaifinsa Rabaran ne.

Kashi na biyu, labarin kiransa. Me ya sa yake ganin Allah ya kira shi? Su wa suka ga alamar? In da zai sami wani aiki mai albashi mai tsoka gobe, zai tsaya?

Kashi na uku, koyarwa. Za a tambaye shi abin da ya gaskata game da Littafi Mai Tsarki, Allah Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, zunubi da ceto, tashin matattu da shari'ar ƙarshe. Za a tambaye shi dalilin da ya sa Baftis suke yi wa masu bi kaɗai baftisma, kuma ta hanyar nutsarwa cikin ruwa, da ma'anar Jibin Ubangiji, da yadda ake mulkin ikilisiya. Ba haddar amsa ake nema ba. Dattijon fasto yakan kawo misali daga rayuwa: ga mutum mai mata biyu ya tuba yana neman baftisma, me za ka yi? Ga dikin da ya fi kowa ba da kuɗi an kama shi da laifi, yaya za ka bi da shi? Ga mambobi sun jefa ƙuri'a sun ƙi shawararka, kai kuwa kana ganin kai ne da gaskiya, sai me? A irin waɗannan tambayoyi ne ake gane wanda karatu ya ratsa shi.

Kashi na huɗu, hali da gida. Ma'aunin da ake amfani da shi yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti sura 3, da wasiƙarsa zuwa ga Titus sura 1. A taƙaice, ana neman mutumin da ba a san shi da abin kunya ba, mai aminci ga aurensa, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, wanda zai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai kwaɗayin kuɗi ba, wanda gidansa yake cikin tsari, wanda ya daɗe cikin bangaskiya, wanda kuma har waɗanda ba Kirista ba suna shaidarsa da kirki. Idan ɗalibi ya ƙirga waɗannan sharuɗɗa zai ga abin mamaki: ɗaya ne kawai ya shafi gwaninta, wato iya koyarwa. Sauran duka hali ne. Ba a ambaci zaƙin murya ba, ba a ambaci iya tara jama'a ba. Sharaɗi na ƙarshen nan kuwa yana da muhimmanci ƙwarai a garuruwanmu, inda fasto yake zaune da maƙwabta Musulmi. Idan mai kanti da mai gidan haya da mai unguwa ba su san shi da gaskiya ba, wa'azinsa ba zai wuce ƙofar majami'a ba.

Saboda wannan kashi na huɗu ne a wurare da yawa akan kira matar fasto ita ma a ji ta bakinta, ko ta yarda da wannan aiki, ko kuma akwai abin da majalisa ya kamata ta sani.

Bayan an gama, sai a sallame shi ya jira a waje, majalisa ta yi shawara. Tana iya cewa a naɗa, tana iya cewa a dakata zuwa wani lokaci domin ya gyara wani abu, tana kuma iya cewa ba ta ga dalilin naɗi ba. Bulus ya gargaɗi Timoti a sura 5 kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa hannu, domin mai ɗora hannu yana da rabo cikin alhakin abin da zai biyo baya. Don haka masu lura suke ba da shawara kada a sa ranar gwaji da ranar biki su zama ɗaya. In an riga an yanka sa, an ɗinka anko, baƙi sun taso daga nesa, wane ne zai iya buɗe baki ya ce a dakata?

RANAR NAƊI

Idan kome ya daidaita, sai a sa rana. Tsarin sujadar yakan ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, amma ga abubuwan da aka saba gani.

Bayan waƙoƙi da karatun Littafi Mai Tsarki, sai a karanta rahoton majalisa domin jama'a su ji cewa an gwada mutumin an kuma amince da shi. Wani dattijon fasto ya yi wa'azin naɗi. Daga nan sai gargaɗi biyu. Na farko ga wanda za a naɗa: ya yi wa'azin gaskiya ko ana so ko ba a so, ya kula da raunana, ya tsare kansa. Na biyu ga ikilisiya: ta yi masa addu'a, ta girmama shi, ta biya shi hakkinsa a kan kari, kada ta bar iyalinsa cikin yunwa sa'an nan ta zarge shi da neman kuɗi. Wannan gargaɗi na biyu yana tuna mana cewa alkawarin na ɓangare biyu ne.

Sai a yi masa tambayoyi a gaban jama'a, ya amsa da bakinsa cewa zai riƙe amanar. Sa'an nan ya durƙusa. Naɗaɗɗun fastocin da suke wurin su kewaye shi su ɗora hannu a kansa, ɗaya daga cikinsu ya yi addu'ar keɓewa. A waɗansu wurare sukan zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi tasa gajeriyar addu'a a hankali. A nan majami'a takan yi tsit, ba ganga ba tafi.

Da ya tashi, sai a miƙa masa Littafi Mai Tsarki, alamar cewa ikonsa bai wuce abin da yake cikin littafin nan ba. A ba shi takardar shaidar naɗi. Fastoci su miƙa masa hannun zumunci, wato sun karɓe shi cikin 'yan'uwansu ma'aikata. A al'adance sabon Rabaran ne yakan sa albarkar rufe sujada, aikinsa na farko ke nan bayan naɗi.

BAYAN NAƊI

Daga wannan rana yana iya gudanar da baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure. Game da aure akwai hannun hukuma a ciki, gama dokar aure ta Nijeriya ta bukaci a ɗaura shi a majami'ar da take da lasin, ta hannun limamin da ɗarikarsa ta san da shi, a gaban shaidu biyu ko fiye.

Amma naɗi bai ɗora shi bisa ikilisiya ba. Ranar taron mambobi, shawararsa tana iya faɗuwa. Ikilisiyar da ta kira shi tana iya sallamarsa, idan kuma ya faɗi cikin babban laifi ko ya kauce daga koyarwa, ana iya janye amincewar da aka ba shi. Tarihinmu ya nuna yadda Baftis suke kishin wannan hakki. A shekarar 1888 saɓani ya tashi a Legas tsakanin Moses Ladejo Stone da ɗan mishan W. J. David a kan albashi. Da Stone ya bar aiki, mambobi da yawa suka ga ba a nemi shawararsu a kan makiyayinsu ba, suka fita tare da shi suka kafa ikilisiya mai zaman kanta. Ana lissafta wannan cikin mafarin ikilisiyoyin da 'yan Afirka suke mulki da kansu a ƙasar nan.

INDA RA'AYI YA BAMBANTA

Tun da babu shugaba ɗaya na duniya da yake yanke wa dukan Baftis hukunci, akwai abubuwan da ba su haɗu a kai ba. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azi na Landan wanda ya rasu a 1892, ya yi shekara 38 yana kiwon ikilisiya ɗaya ba tare da an taɓa yi masa bikin naɗi ba. A ganinsa kiran Allah da zaɓen ikilisiya sun isa.

Maganar naɗa mata ita ce ta fi jawo muhawara a zamaninmu. A Ingila an naɗa Violet Hedger a 1926. A Amurka wata ikilisiyar Baftis ta Kudu a jihar North Carolina ta naɗa Addie Davis a 1964. Amma a shekarar 2000 babbar ƙungiyar Baftis ta Kudu a ƙasar Amurka ta rubuta cikin bayanin bangaskiyarta cewa muƙamin fasto na maza ne, a 2023 kuma ta raba gari da ikilisiyar Saddleback ta California a kan wannan batu. A Nijeriya akwai matan Baftis da aka naɗa, suna ɗauke da sunan Rabaran. Kowane ɓangare yana kawo ayoyinsa. Abin da za mu lura da shi kawai shi ne, ko a Amurkan ma ƙungiya ba ta iya hana ikilisiya naɗa wanda ta ga dama. Iyakar ikonta ta ce ba ta tare da ita.

KAMMALAWA

Wannan tsari yana da kyau, yana kuma da haɗari. Kyansa shi ne babu wanda zai ɗora wa jama'a makiyayin da ba su sani ba. Haɗarinsa kuwa, idan jama'ar suka yi sakaci, babu wanda za su zarga sai kansu. Ikilisiyar da ta nemi a naɗa mutum don ɗan kabilarsu ne, ko don kunyar mahaifinsa, ko don maƙwabta suna da Rabaran su ba su da shi, ta sa hannu a takardar da waɗansu ikilisiyoyi za su gaskata shekara 30 ko 40 masu zuwa. Marayu da gwauraye da matasa na garuruwan da ba ta taɓa gani ba su ne za su sha sakamakon. Haka kuma ikilisiyar da ta danne mutumin kirki saboda hassada ko don shi talaka ne, ta hana garke makiyayi.

Ɗalibanmu, ba da daɗewa ba za ku bar wannan makaranta. Kaɗan daga cikinku ne za su zama fastoci, amma da yawa za su zama mambobi, dikinoni, magatakarda da shugabannin zumunta, a Baftis ko a wata ɗarika. Wata rana za a karanta suna a gabanku a ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Kafin hannun ya tashi, ku tambayi kanku abin da kuka sani game da halin mutumin, ku tuna ba taimako ba ne a ɗora wa mutum kayan da wuyansa ba zai ɗauka ba. Ku kuma da kuke jin kira a zuciyarku, kada ku ji haushin masu gwada ku. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba ikilisiyarsa makiyaya masu aminci, ya kuma ba mu idon gane su.